FILIN ILIMI DA NOMA: Ma'aikatan da ido ba ya gani, daga saiwar wake zuwa ruwan kanwa

Kowace shekara, da zarar hadarin farko ya taso daga gabas, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin manoman Maraɗi, Damagaram da Tawa: nawa buhun taki ya kai bana? Tambaya ce tsohuwa. An yi ta da ƙarfi a 1994, lokacin da darajar kuɗin CFA ta karye gida biyu, aka sake yin ta a 2021 da 2022, sa'ad da tsadar gas da yaƙin Ukiren suka sa farashin taki ya yi tashin da ba a saba gani ba. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja, suka lura cewa manomin kudu da Sahara yana zuba kimanin kilo 8 ne kacal na sinadaran taki a hekta, suka ɗauki alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015. Wa'adin ya zo ya wuce, alkawarin bai cika ba, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa ƙarancin zuba taki a duniya.

Alhali kuwa abin da ake saye da tsada cikin buhun ure, wato sinadarin azot, shi ne ya cika iskar da ke bisa kowace gona. Kashi 78 cikin 100 na iska azot ne. Sai dai shuka ba ta iya cin sa a haka, kamar yadda mutum ba ya iya cin hatsi a zangarniya sai an sussuka, an surfa, an daka. Masana'antu suna yin wannan dakan ta hanyar da Fritz Haber ya gano a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita aikin masana'anta a ƙasar Jamus a 1913. Hanya ce mai bukatar zafin da ya haura digiri 400, da matsi mai tsanani, da gas mai yawa, shi ya sa duk ranar da gas ya yi tsada taki ma sai ya bi shi. Amma akwai wasu halittu da ke yin wannan aiki a cikin rairayin gona, da zafin rana na yau da kullum, ba gas ba inji. Ido ba ya ganin su, sai da madubin bincike.

ABIN DA KE CIKIN SAIWAR WAKE

Duk wanda ya tona gindin wake a hankali, makonni biyar ko shida bayan shuka, zai tarar da wasu ƴan gudaji manne da saiwoyi, wasu kamar ƙwayar hatsi, wasu kamar ƙwayar dawa. Da yawa daga cikin manoma suna ɗaukar su ciwo ne. Ba ciwo ba ne, ɗakuna ne da wake ya gina wa baƙinsa. Baƙin su ne ƙwayoyin bakteri da masana ke kira rizobiyom.

Yadda abin ke faruwa shi ne, saiwar wake tana tsatso da wani sinadari cikin ƙasa wanda ke kiran waɗannan ƙwayoyi. Su kuma sai su mayar da amsa da nasu sinadarin. Idan kira da amsa suka dace, sai gashin saiwa ya lanƙwashe ya rungume su, su kutsa ciki, gudan ya fara kumbura. Daga nan ciniki ya ƙullu: wake yana ba su sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana, su kuma suna kamo azot daga iskar da ke ratsa ƙasa su sarrafa shi ya zama abincin shuka. Makamin da suke wannan aiki da shi ba ya jure iskar oksijen, don haka gudan yake samar da wani jan sinadari, ɗan'uwan wanda ke sa jinin mutum ja, domin ya riƙa kama oksijen yana ba su shi daidai gwargwado.

Wannan jan launi shi ne ma'aunin da manomi zai iya amfani da shi ba tare da kuɗi ba. Ya fasa gudan da farce. In cikinsa ja ne ko jaja-jaja, aiki yana tafiya. In fari ne fat, ko dai bai nuna ba tukuna, ko kuma baƙon ci-ma-zaune ne, yana shan sukari ba ya biya. In ya koma kore, ya tsufa. Kada kuma a rikita shi da kumburin da tsutsar ƙasa ke haddasawa: gudan rizobiyom a gefen saiwa yake, yana cirewa da ɗan murza, shi kuwa kumburin ciwo saiwar ce da kanta ta kumbura.

Masana biyu na Jamus, Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth, su ne suka bayyana a 1886 cewa dangin wake suna samun azot daga iska ta hanyar waɗannan gudaji. A 1888 Martinus Beijerinck na ƙasar Holand ya ware ƙwayar ya rene ta a ɗakin bincike. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare har an fara sayar da ita a kwalba ga manoman Turai. Amma manomin ƙasar Hausa, wanda ke tsarma wake tsakanin hatsi tun kaka da kakanni, ya riga su sanin amfanin, ko da bai san dalilin ba. Ya san gonar da ta ɗauki wake ko gujiya bara tana ba hatsi ƙarfi bana.

GAWO DA ZURFIN ƘASA

Haka ya san gawo. Itace ne da ya saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani, don haka ba ya tare wa hatsi rana, kuma hatsin da ke gindinsa ya fi na fili tsawo da kauri. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya kafa hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare shi. Tun daga shekarun 1980, sa'ad da manoman yankin Maraɗi suka soma barin kututture su sake tofowa maimakon a ƙone su, aikin da Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa, an kiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 na kudancin Nijar, kuma a yankin Magarya, Matamaye da Mirya gawo ne ya fi yawa.

Gawo ma dangin wake ne, yana da nasa baƙin. A 1992 masu bincike na cibiyar ORSTOM da ke Dakar, Nicolas Dupuy da Bernard Dreyfus, sun buga sakamakon haƙan da suka yi a gindin gawo a ƙasar Senigal, inda suka tarar da ƙwayoyin rizobiyom da rai har zurfin mita 34, kusa da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Duk da haka gaskiya ta fi kyau a faɗe ta cikakkiya: albarkar gindin gawo ba daga bakteri kaɗai take ba. Akwai ganyen da ke ruɓewa daidai lokacin shuka, akwai kashin dabbobin da ke shan inuwa da rani suna cin ƴaƴansa, akwai kuma abincin da dogayen saiwoyinsa ke jawowa daga zurfi.

Shi hatsi ba ya yin gudaji, amma ba shi kaɗai yake zaune ba. Ƙasar da ke manne da saiwarsa cike take da ƙwayoyi iri-iri. Wasu suna tsatso da sinadarin da ke sa saiwa ta yi yawa, wasu suna narkar da abincin da ya daskare, wasu kuma suna fitar da wani abu mai yauƙi da ke ɗaure rairayi a jikin saiwa ya riƙe danshi. Masu bincike a Dakar sun nuna cewa irin hatsi ya bambanta wajen yawan ƙasar da yake ɗaurewa, kuma ƙwayoyin da ke kewaye da kowane iri ba ɗaya ba ne. Ga ƙasar da ruwa kan ɗauke mata kwana goma sha biyar a tsakiyar damina, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

DARASIN BARAZIL

Ƙasar da ta fi kowa cin moriyar wannan ilimi ita ce Barazil. Tun shekarun 1960 wata masaniya, Johanna Döbereiner, ta dage cewa a zaɓi irin waken soya da zai dogara ga bakteri maimakon takin azot. Aka bi shawararta. Yau Barazil tana noma soya a kan hekta fiye da miliyan 40, kusan ba tare da takin azot ba. Manomi yana shafa wa iri ƙwayoyin da aka rena kafin ya shuka, ƙasar kuma tana tsimin biliyoyin daloli kowace shekara. A 2025 an ba Mariangela Hungria, wadda ta yi karatu a hannun Döbereiner kuma take aiki a cibiyar binciken noma ta Embrapa, babbar kyautar abinci ta duniya saboda wannan aiki.

Abin lura a nan shi ne ba buhu Barazil ta sayo ba. Ta tara ƙwayoyi, ta gwada su shekara da shekaru a ƙasarta, ta zaɓi waɗanda suka fi aiki, ta adana su, ta kuma kafa doka a kan yawan ƙwayoyi masu rai da dole a samu cikin kowane giram da za a sayar.

A Afirka ta yamma ma an taɓa. Shirin N2Africa, wanda jami'ar Wageningen ta Holand ta jagoranta daga 2009 zuwa 2019, ya yi dubban gwaje-gwaje a gonakin manoma, ciki har da arewacin Nijeriya da arewacin Gana. Cibiyar IITA ta Badun tana haɗa wani garin ƙwayoyi mai suna Nodumax domin soya, ana manna shi ga iri da ƙaro. Ga soya amfanin a fili yake, domin baƙuwa ce, ƙwayoyinta ba su da yawa a wannan ƙasa. Ga wake kuwa lamarin ya fi wuya. Wake ɗan gida ne, kusan kowace gona tana da ƙwayoyin da za su shige shi, nagari da ragwaye, kuma baƙuwar ƙwayar da aka kawo sai ta yi kokawa da su kafin ta samu wuri. An gwada wasu ƙwayoyin Barazil a kan wake a arewacin Gana aka ga ƙarin amfani, musamman inda aka haɗa da takin fosfor, amma abin da ya yi a Tamale ba dole ya yi a Tasawa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Nijeriya, amma abin da hekta ke bayarwa sau da yawa ba ya kai rabin tan. Abubuwa uku ne ke tauye aikin ƙwayoyin a nan. Na farko ƙarancin fosfor. Binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ya daɗe da nuna cewa shi ne abin da rairayin Sahel ya fi rasawa, kuma in babu shi gudaji ba su girma. Shi ya sa ɗan takin da ake sawa a ramin shuka, giram 6 na 15-15-15 ko giram 2 na DAP, yake yin tasirin da ya fi girmansa, shi ya sa kuma dutsen fosfat na yankin Tawa ya cancanci a sake waiwayarsa. Na biyu zafi. Garin ƙwayoyi abu ne mai rai. In ya yini a rana a kan tebur a kasuwa, gawa manomi zai saya, kuma ba ya da hanyar ganewa. Na uku harawa. Yawancin azot da wake ya kamo yana cikin ƙwaya da ganye. In an tuge shi duka an kai birni an sayar, gona ba ta ga komai ba, sai fa in kashin dabbar da ta ci ya dawo mata.

KOREN RUWA NA ƘASAR KANEM

Daga gona sai tafki, inda wata halittar ta daban take yin wani aikin. A arewa maso gabashin tafkin Cadi, a ƙasar Kanem, akwai ƙananan tafkuna masu ruwan kanwa waɗanda kifi da ciyawa ba su iya zama cikinsu. Wani koren abu ne kaɗai ke yaɗuwa a kansu, iska tana tara shi a gaɓa kamar kunu. Matan Kanembu suna kwasar sa da ƙwarya, su zuba cikin ɗan ramin da suka shafe a rairayi, ruwan ya tsotse, rana ta busar da shi, su yayyanka shi gutsure-gutsure su kai kasuwa. Sunansa dihe, ana yin miya da shi a ci da tuwon hatsi.

A 1940 masanin Faransa Pierre Dangeard ya duba wani gutsure da aka aiko masa daga kasuwar Masakori, ya ga tarin wasu zaruruwa ne murɗaɗɗu. Ba wanda ya kula sosai sai a 1964 da 1965, lokacin da Jean Léonard, masanin tsirrai ɗan ƙasar Beljiyam, ya sake cin karo da shi a kasuwannin Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Da aka auna sai aka ga kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na busasshen nauyinsa furotin ne, fiye da ninki biyu na wake, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ga kuma wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Wannan ita ce sipirulin. Ana lissafa ta cikin ƙananan gansakukan ruwa, ko da yake a wajen masana ita ma bakteri ce, irin mai cin hasken rana kamar ganye.

Daga nan duniya ta ɗauka. Yau ana noman ta a manyan kwamaye a Amurka, Sin da Indiya. Ana tatsar shuɗin launinta a sa cikin alewa da abin sha, kuma a 2013 hukumar abinci ta Amurka ta halatta sa shi cikin alewa. A 2017 hukumar sararin samaniya ta Turai ta aika da ita tashar da ke kewaya duniya, domin a ga ko za ta iya samar wa matafiya oksijen da abinci. Su kuwa matan da suka riƙe wannan sani tun kafin a rubuta shi, da ƙwarya da rairayi suka ci gaba, sai ɗan taimakon da hukumar FAO ta kawo musu na tacewa da busarwa cikin tsabta.

Abin da sipirulin take so Nijar tana da shi: rana, zafi kusan digiri 35, da kanwa, wadda ake haƙowa a ƙasar Manga da Dallol Boso. An kafa ƙananan gonakinta a Kudugu ta Burkina Faso da Dogon Dutsi a nan Nijar. Ga ƙasar da ba ta manta da 2005 ba, shekarar da cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika maƙil a Maraɗi, dole hankali ya karkata gare ta.

Amma a nan ma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sipirulin ba ta kamo azot daga iska kamar rizobiyom. Sai an zuba mata taki a ruwa, don haka ba kyauta take ba. Kwami mai faɗin mita ɗaya murabba'i ba ya ba da fiye da ƴan giram a yini, ruwa kuma yana ƙafewa da sauri. Cokali ɗaya da ake zuba wa yaro a kunu ƙari ne a kan abinci, ba ya maye gurbin nonon uwa, ba ya kuma maye gurbin abincin magani da likita ke ba yaron da tamowa ta yi wa tsanani. Bitamin B12 da ake yawan tallata ta da shi, mafi yawansa irin da jikin mutum ba ya amfana da shi ne. Mafi haɗari, akwai wasu ƴan'uwanta masu kama da ita da ke fitar da dafi mai lalata hanta, kuma suna iya shiga kwamin da ba a kula da ƙarfin kanwarsa ba. Ido ba ya rarrabe su. Ba kowane koren ruwa ba ne dihe.

ABIN DA YA RAGE

Saiwar wake da tafkin kanwa sun haɗu a kan magana ɗaya. Dukiyar tana nan a gida, amma dukiya ce mai rai, ba a gane nagarinta sai da awo. Garin ƙwayoyin da ba a ƙirga ba da garin sipirulin da ba a bincika ba, duka biyu ciniki ne cikin duhu, kuma talaka ne zai biya, ɗaya da daminarsa, ɗaya da lafiyar ɗansa.

Aikin da ke gaba ba ya fi ƙarfin ƙasar ba. Akwai cibiyar binciken noma ta INRAN tun 1975, da tasharta ta Tarna a Maraɗi, akwai jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa. Abin da ake bukata shi ne a tara ƙwayoyin wake, gujiya da gawo daga Gaya zuwa Gure, a gwada su a gonar manomi ba a bayan shinge kaɗai ba, a zaɓi masu jure zafi da fari, a adana su a ma'ajiyar da wutarta ba ta ɗaukewa. A kafa ɗakin awo da zai duba duk abin da za a sayar da sunan takin halitta ko sipirulin kafin ya shiga kasuwa. A kuma rubuta asalin kowace ƙwaya, domin yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta amince cewa ƙasar da aka ɗebi halitta daga cikinta tana da haƙƙi a ribar da za ta fito. Wannan aiki ne na shekaru, kuɗin shirin shekara uku ba ya gama shi, kayan aro kuma ba ya rufe katara.

Shi kuwa manomi ba sai ya jira kowa ba. Bana, in wake ya kai mako shida, ya tona gindi biyar a sassa dabam-dabam na gonarsa, ya fasa gudajin ya duba launinsu. In sun yi yawa kuma ja ne, ya bar saiwar cikin ƙasa ranar girbi, ya yanke maimakon ya tuge, ya kuma mayar da kashin dabbobi inda harawar ta fito. In ƴan kaɗan ne ko farare, ya tuna da fosfor kafin ya zargi iri, ya kuma kai maganar gaban malamin gona.

Allah ya kawo damina mai albarka.